Macijin da ya ƙi mutuwa a aji huɗu

Ku matso ku ji wannan, in na gama ku raba gardama.

Malama Barira ce malamar aji huɗu a wata firamare ta bayan gari. Aka aiko da takarda cewa kowace makaranta ta shirya wasa a kan Bayajidda da macijin rijiyar Kusugu, wadda ta burge baƙo mai dubawa za a ba ta kujera ɗaya a motar da za ta kai yara Daura su ga rijiyar da idonsu. Kujera ɗaya tak, yara kuma sittin da biyu. Tun daga nan kan Malama ya fara ciwo.

Ta buɗe kabad ta ɗauko littafin tarihi, sai ta tarar gara ta cinye tsakiyarsa. Bayajidda ya iso Daura a shafi na tara, a shafi na sha huɗu har ya yi jikoki. Abin da Malama ta riƙe a ka bai kai a yi wasa da shi ba. Wata ɗalibarta Hansai ce ta ce kakarta ta san labarin. Sai dai tsohuwar ba ta magana sai ana mata tsifa, kuma da ta fara sai ta kauce zuwa tsadar daddawa. Kwana takwas Hansai tana tsefe kai guda tana sake kitsa shi, har ta haɗo labarin duka a bayan littafin lissafinta.

Lantana, 'yar ajinsu, kuma ta haɗa maciji da tsohon tib ɗin babur, ta ɗura masa ɓuntun shinkafa, ta sa masa idanu da marfin kwalba. Ya yi kyau har ya yi yawa. Da safiyar ranar wasan Baba Ɗanjuma maigadi ya leƙa aji, ya gan shi naɗe a gindin gangar da aka mayar rijiya, ya kawo adda ya sare masa kai. Malama ta zo ta same shi yana jiran godiya.

"Baba, aikin Bayajidda ka yi masa. Yanzu shi me zai kashe?"

Baba ya ce shi dai ba a sanar da shi ba. Lantana ta zauna a ƙasa tana kuka tana kwashe ɓuntu da hannu, ta ɗinke kan da zaren buhu kafin baƙo ya gama shan ruwa a ofis.

To, haushi ya sa ta ɗinke shi da ƙarfi. Aka fara wasa, yaron da ya fito a Bayajidda ya ɗaga takobin katako ya sara, kai bai motsa ba. Ya sara sau bakwai. Ya taka macijin ya ja, yara suka fashe da dariya, baƙo ya duba agogo ya rufe bironsa. Malama Barira ta ji kamar ta shige gangar ta zauna. Uwale, ɗalibar da aka bar wa riƙon labule saboda ba a jin muryarta ko a kiran suna, ita ta rarrafa ta bayan ganga da rezar fiƙe fensir ta tsinke zaren, har ta yanke yatsa. Sara na takwas kai ya yi tsalle ya faɗa kan takalmin baƙo. Baƙo ya buɗe biro ya rubuta sunan makarantar.

Yanzu kwana uku ke nan fom yana kan teburin Malama, layin suna ɗaya. Kakar Hansai ta aiko cewa kanta har yanzu zafi yake. Uwar Lantana ta zo har sau biyu. Uwale kuwa tana dai zaune da tsumma a yatsa, wannan ya fi damun Malama. Baba Ɗanjuma ma ya tambaya ko babba zai iya zuwa.

Motar jibi za ta tashi. Ku da kuka ji, sunan wa za ta rubuta: Hansai, Lantana ko Uwale?