Katin Bello, Zazzaɓin Zainab

Akwai wani tela a Ƙauyen Alu, Malam Mu'azu, mutum ne mai zargin tsiya. Ko gaishe shi ka yi da fara'a sai ya shafa aljihunsa.

Wata safiya 'yarsa Zainab, mai shekara biyu, ta tashi da zazzaɓi mai zafi. Da ya tuna layin yankar sabon kati a asibiti, ga ɗinki na jiransa, sai ya bar ta a gida. Ya ɗauki katin yayanta Bello, ɗan shekara sha uku, ya nufi wani asibiti a Gyadi-Gyadi.

Ya ce wa likita, "Mai katin ne ba lafiya, tashi ma ya gagara." Jama'a sun yi wa likita yawa, sai ya duba shekarun da ke kati ya rubuta magani.

Morenike, mai ba da magani, ta miƙo masa ƙwayoyi. Mu'azu ya ce, "Madam, in na daka a cokali da ruwa ya yi ko?"

Ta janye hannunta. "Ɗan shekara sha uku ake daka wa magani? Malam, wa zai sha?"

Nan take ransa ya ba shi cewa wani abu take so a ba ta.

"Likita ya rubuta, ke a su wa? Ba ni in tafi."

Ta ɗauki takardar ta shiga wurin likita. Mu'azu na hango su ta taga suna ƙus-ƙus, ya ce a ransa lallai bakinsu ɗaya.

Likita ya fito da kansa. "Malam, ni na fara laifi, da na rubuta ban ga mara lafiya ba. Don Allah, shekararsa nawa?"

Mu'azu ya sunkuyar da kai. "Yarinya ce. Biyu."

Morenike ta ce a hankali, "Malam, wannan ya fi ƙarfinta nesa ba kusa ba. Da ta sha, sai dai wani ikon Allah."

Kunya da tsoro suka rufe shi. Ya tare adaidaita ya ɗauko Zainab, ya shiga layin kati da ita a kafaɗa, ya jira har aka zo kansa.

Darasi: Kada ka karɓo wa wani magani da katin wani. Ma'aikacin lafiya na gari shi ne mai tsayawa ya yi tambaya, ko da likita ne ya rubuta. Ku tura wa iyaye, ƙila ku ceci ran wani yaro.