Maganin Ɓera

Ku zauna ku rufe baki. Idan na gama, sai ku yi musunku.

Akwai wata yarinya, Turai, mai karatu a jami'a. Shekara da shekaru tana kiwon fararen ɓeraye maza a keji, tana binciken wani sinadari da jikin namiji ke yi a hanyar da maniyyi ke bi, don a gane rawar da yake takawa wajen samun ciki. Kada kowa ya yi mini dariya a nan, aikin ilimi ne. Dukan karatunta a kan ɓerayen nan ya rataya, kuma saura kaɗan ta gama.

Sai mahaifiyarta ta kwanta ciwo a ƙauye. Turai ta tafi jinya, ta bar amanar ɓerayen a hannun mutum uku. Bayan tafiyarta zawo ya kama ɓerayen.

Na farko Dakta Jatau ne, malaminta. Aka gaya masa yana sauri zai shiga mota. Bai leƙa kejin ba, bai faɗi sunan magani ba, sai cewa ya yi, "A nemo maganin ɓera a ba su." Ya ja motarsa. Mutum da iliminsa, ya manta abin da Bahaushe ke kira maganin ɓera.

Ta biyu Lantana ce, mai kula da ɗakin magunguna. Maganin zawon yana cikin firjinta, ta kuma ji maganar Dakta da kunnenta. Amma gaba take yi da shi tun ranar da ya tsawata mata a gaban mutane. Ta ce tunda ba ita aka aika ba, babu ruwanta. Ta ci gaba da yankan farcenta.

Na uku Ɗanlami ne, magidanci da furfurarsa, wanda ke ba ɓerayen abinci tun suna jajaye. Shi aka aika. Ya tafi kasuwa ya ce a ba shi maganin ɓera, aka ba shi guba. A hanya zuciyarsa ta raya masa ya tambaya, ya ce a'a, ba a mayar wa babba magana. Ya kwaɓa da dusa ya zuba musu.

Ko ɗaya bai kai gobe ba.

Turai ta dawo ta tarar da keji wayam. Dakta ya ce shi waraka yake nufi. Lantana ta ce ita ko taɓa ɓerayen ba ta yi ba. Ɗanlami ya ce umarni ya bi. Turai ta dube su ɗaya bayan ɗaya ta ce, "Wato ku duka masu gaskiya ne, ɓerayen ne suka kashe kansu?"

Babu wanda ya ba ta haƙuri. Karatun da ya kusa ƙarewa ya koma farko.

To, ku gaya mini, kuma kada wanda ya ce ƙaddara ce: tsakanin mai sakin baki, da mai shirun mugunta, da mai biyayyar da babu tunani, wa ya kashe wa Turai ɓerayenta?