Injin da Ya Yi Kuka a Tsakiyar Kogi

Akwai wani mutum mai jirgin ruwa, wanda yake haye da mutane babban kogi kowace ranar kasuwa. Injin da ya ɗaura a bayan jirginsa yana da ƙararrawa a ciki. In ya yi zafi fiye da kima, ko baƙin mai ya yi ƙasa, sai ya fara tsuwwa, jar fitila kuma ta kama.

To, masu jirage na wannan mashigi suna da wata al'ada. Da sun sayi inji sai su cire wayar ƙararrawar, domin fasinjoji ba sa son jirgin da ke kuka. Abokansa sun sha gaya masa ya cire tasa, shi kuwa bai kai ga yi ba.

Wata rana da damina, kogi ya cika maƙil, ya ɗauko mata masu kai busasshen kifi da tsintsiya kasuwar ƙetare. Can ƙasa da mashigin akwai duwatsu inda ruwa ke karyewa, duk jirgin da injinsa ya mutu a tsakiya, can ruwa ke kai shi. Suna kaiwa tsakiya sai ƙararrawar ta fara.

Mata suka shiga gunaguni, suna cewa kasuwa za ta watse ba su isa ba. Wata dattijuwa mai kifi ta juyo ta ce, "Ɗana, wannan inji ne ko jariri? In yunwa yake ji, ka ba shi nono mu wuce."

Jirgi ya kwashe da dariya. Kunya ta kama mutumin, ya miƙa hannu ya fizge wayar. Tsit, kukan ya ɗauke, mata suka yi masa sannu da aiki.

Amma hankalinsa bai kwanta ba. Ya waiwaya don ya ga siririn ruwan nan da ke tsartuwa ta bayan inji, wanda ke nuna ruwan kogi yana shiga yana sanyaya shi. Ko ɗigo babu. Ya taɓa murfin, sai ya ji shi kamar kaskon suya. Nan ya gane kukan kaɗai ya cire, zafin yana nan, kuma in ya ci gaba injin zai ƙone ya bar su ga duwatsu. Sai ya kashe shi da hannunsa.

Ruwa ya fara jan su ƙasa. Ya miƙa wa dattijuwar da maƙwabciyarta filafilan tuƙa jirgi, ya ce, "Iya, ku yi haƙuri ku riƙe mini kan jirgin. Gaskiya injin yake faɗa, ni ne na rufe masa baki."

Ya bi abin ɗaya bayan ɗaya. Ya duba baƙin mai, yana nan daidai. Ya ɗaga injin daga ruwa, sai ga baƙar leda da ciyawa sun liƙe ƙananan ramukan da ruwa ke shiga. Ya ɓare su, ya roƙi tsinken tsintsiya daga kayan wata mata ya tsokale laka, ya mayar da wayar inda take. Sa'an nan ya jira injin ya huce. Wannan jiran ya fi komai wuya, gama rurin duwatsun yana ƙara matsowa, babu kuma mai dariya. Da ya ji zafin murfin ya sauko, ya ja igiyar tayar da inji. Injin ya tashi, siririn ruwa ya tsarto, ƙararrawa ta yi shiru don kanta. Suka sauka ƙetare a makare, hannun mata a gajiye, amma ko kwando ɗaya bai ɓace ba.

Ga ma'anar wannan misali, 'yan'uwa. Injin nan zuciyarka ce, ƙararrawar kuwa lamirin da Allah ya sa a cikinka, wanda Ruhu Mai Tsarki yake taɓawa in abu ya lalace. Ba don ya kunyata ka yake kuka ba, don kada ka ƙone ne. Sau da yawa abin da ya toshe mu ƙarami ne kamar leda: gabar da ka riƙe da ɗan'uwa, ƙaryar da ka saba yi a gida, addu'ar da ka bari. Muna iya rufe bakin lamiri da surutu da hidimar ikilisiya, mutane su yaba mana, zafin kuwa yana ci. Ka tuna kuma ba kai kaɗai ke cikin jirgin ba, iyalinka suna ciki.

Amma ku lura, mutumin nan ya riga ya fizge wayar, duk da haka ya haye lafiya, domin ya tsaya ya gyara. In ka daɗe da yin haka, ba ka makara ba tukuna. Ka tsaya yau, ka nemi 'yan'uwa su riƙe maka da addu'a, ka duba abin da ya toshe, ka kawo shi gaban Ubangiji. Shi mai gafara ne, zai kuwa kai ka gaɓa.