Rawaya, Furen Cikin Toka

Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu ji ta, mun kasa kunne.

Wata yarinya ce, Tabawa. Kakarta ta kwanta da shawara, idanu sun yi ɗorawa. Tsohuwa ta ce ba abin da zai tashe ta sai saiwar rawaya. Tabawa kuwa ba ta taɓa ganin rawaya ba. Kaka ta ce furen ba shi da ganye, a ƙasa yake zaune, in ka karce saiwarsa sai ta rina maka yatsa. Kafin ta faɗi inda yake fitowa, magana ta gagare ta.

Tabawa ta ƙulle dawo uku ta shiga daji. Sai ga Gizo, ta tambaye shi inda rawaya take.

"Yawaya? Yayinya, ai ni na yaɗa mata suna. Kawo dawo."

Ya kai ta bakin rafi, ya nuna mata furen bagaruwa. Ta ce wannan ai a sama yake. Ya karɓi dawo na biyu, ya kai ta lambu, ya nuna furen kabewa. Ta ce ganye ya yi masa yawa. Ya cinye na uku, ya zaga ya tsinke furen, ya dasa a turɓaya. Ta tona, ba saiwa. Gizo ya arce.

Ta zauna tana kuka. Shirwa ta sauko ta tambaye ta, ta faɗa mata.

"Ƙanwata, kina ta bin ruwa. Ni wuta nake bi. Taso."

Suka je wani fili da gobara ta cinye ciyawarsa. Ko'ina baƙi ƙirin, ko ƙwaro ba ya motsi. Tabawa ta ce a nan me zai rayu? Shirwa ta ce ta dubi ƙafarta.

Ga shi nan. Fure ɗorawa shar, ba ganye, zaune cikin toka kamar tauraro ya faɗo. Can ga wani, can ma wani. Tabawa ta durƙusa. Ta karce saiwa, yatsanta ya rine.

Ɗaya ta haƙa, ta bar sauran. Kaka ta sha, ta tashi.

Shi ya sa mai neman furen rawaya ba ya zuwa fadama. Sai ya jira wuta ta wuce, ya je ya duba inda kowa ya ce ba sauran rai.

Ƙurunƙus, kan ɗan ɓera ya sha toka.