Zafin Ƙafar Bikili

Ƙawata Rahila, matso da kujerarki ki ji misalin da na rubuta domin darasin Lahadi mai zuwa.

Akwai wani manomi da yake da jan doki, ana kiransa Bikili. Uwar dokin ta mutu yana ɗan wata biyu, matar manomin ce ta raine shi da kunun gero a ƙwarya, har ya riƙa bin ta rijiya kamar ɗan akuya. Da ya girma sai ga shi da gudu. Kowace shekara bayan girbi, ƙauyukan yankin sukan taru a busasshiyar fadama a yi tseren dawaki, daga bakin rafi zuwa gindin wata tsamiya. Shekara shida ba dokin da ya riga Bikili isa tsamiyar nan. Manomin da a dā ba a san da zamansa ba, sai ga shi in ya shiga kasuwa ana matsa masa wuri a tabarma.

To, masu dawaki suna da wata al'ada da suka gada. Kowace safiya kafin a ɗaura sirdi, mutum yakan durƙusa ya shafa ƙafafun dokinsa da tafin hannu, daga gwiwa zuwa kofato. In da sanyi, a hau. In da zafi, akwai ciwo a ciki wanda bai fito ba tukuna, sai a bar doki a turke ya huta, ko da wata guda ne. Doki ba ya kuka da baki, zafin nan shi ne maganarsa.

A shekara ta bakwai wani ya kawo baƙin doki daga arewa, ɗan shekara huɗu. Aka fara yi wa manomin ba'a a kasuwa, ana cewa, "Bana kam tsohon naka sai a ɗaura masa garma ya taya ka huɗa." Ya yi dariya tare da su, amma maganar ta bi shi har gida.

Ranar tseren da safe ya durƙusa ya shafa ƙafa uku, lafiya lau. Da ya kai ga ta gaba ta hagu, sai ya ji ta kamar tukunyar da aka sauke ba da jimawa ba. Ya janye hannunsa. Sa'an nan ya tafi randa ya ɗebo ruwa ya kwara mata, ya koma ya ƙaro, har moɗa biyar. Ya sake shafawa. Sanyi ƙalau.

Matarsa tana tankaɗe a bakin ɗaki, ta ce, "Maigida, na taɓa ƙafar nan tun kafin ka fito."

Ya ce, "Zo ki taɓa yanzu ki ji."

Ta ce, "Ruwan randata zan ji, ba ƙafarsa ba."

Ya ce, "Yau kaɗai ne. Daga gobe ya huta har damina."

Ta ce, "In ka ce ya yi gudu, zai yi. Abin da nake tsoro ke nan."

Ya ɗaura sirdi ya fita.

Aka saki dawaki, Bikili ya wuce gaba kamar yadda ya saba, baƙin yana biye. Saura kaɗan a isa tsamiya, manomin ya ji wata ƙara a ƙarƙashinsa kamar an taka busasshen kara. Dokin ya ƙara taku uku da sauran ƙafafunsa, yana neman kai ubangidansa inda ya aike shi, sa'an nan ya faɗi. Karayar doki kuwa ba ta ɗoruwa. A nan gindin tsamiya aka ƙarasa shi, manomin ya koma gida da sirdi a kai.

Kashegari da safe matarsa ta dama dusa da kanwa bisa ga sabo, ta kai har turke kafin ta tuna.

Ga abin da misalin yake nufi. Dokin shi ne duk wanda Ubangiji ya ba mu amanarsa, wanda ba ya iya ce mana a'a: miji, ko mata, ko 'ya'ya, ko ran mutum kansa. Zafin ƙafar shi ne gargaɗin da Ruhu Mai Tsarki yake sa wa a lamirinmu tun abu bai ɓaci ba. Ruwan randa kuwa hujjojinmu ne: yau kaɗai, kowa ma yana yi, me mutane za su ce. Mukan yi ta kwarawa har lamiri ya yi sanyi, sai mu ce an warke, alhali ciwon yana nan a ƙashi. Manomin bai yi kuskure cikin rashin sani ba, hannunsa ya ji. Allah yana gafarta wa mai tuba, amma bai yi alkawarin mayar da doki turke ba.

Ki karanta wa yara yadda yake, Rahila. Sauran kuwa tsakanina da ke ne. Tsohon nan da yake zama a bencin baya kusa da taga, wanda yakan juya fuskarsa in yara sun fara sukuwa da dokin kara a filin majami'a, ki gaishe shi da kyau. Shi ne manomin, amma kada ki gaya wa kowa.