Madogara Uku na Merle Stroud

Ku yi mini haƙuri, mabiya wannan shafi, shekarar ta ɓace mini, har sunan otal ɗin ma. Tsufa ke nan. Amma abin da ya tayar mini da zuciya bai ɓace ba.

Akwai wani mutum, Merle Stroud, babba a cikinmu masu binciken jiragen baƙin halittu daga sama. Duk shekara a taronmu na Nevada shi ke rufe jawabi. Labarin da ya ɗaga shi guda ne: wai wani soja, marigayi Orville Kessler, ya taɓa kwashe gawarwakin halittun a babbar mota. Kullum sai ya ɗaga yatsu uku ya ce, "Littafi, mujalla, shirin rediyo. Madogara uku, babu wadda ta san wata!"

Mu kuma mu tafa. Har da ni.

Wata shekara wata mata ta miƙe, ta ce ita ce Wanda, 'yar Orville.

"Malam Stroud, don Allah ka cire sunan babana. Mutanenka sun hana mahaifiyata sakat da ƙwanƙwasa ƙofa. Har dutsen kabarinsa suna ɓantara su tafi da shi."

Merle ya yi dariya. "Ke 'yar nan, wane ofishin gwamnati ya turo ki? Jama'a, kun gani ko? In ba gaskiya ba ce, me ya kawo ta?"

Haka al'adarmu take: wanda ya musa, musun nasa ma hujja ce. Aka yi mata ihu har ta fita.

Ni ke ajiye tsofaffin takardun ƙungiya a garejina, kwali kan kwali. Bayan kwana biyu sai ga ta.

"Baba, ba faɗa na zo yi ba. Karatu zan yi."

"Ai sai ɓeraye su gaishe ki," na ce.

Mako uku ta yi, ko huɗu, da kofi mai sanyi a gefenta. Ta duba littafin, ya ce a mujalla ya samo. Ta tono mujallar, mujallar ta ce a rediyo ta ji. Muka nemo kaset ɗin shirin, muka kunna.

Muryar Merle ce, tun yana matashi. Yana cewa wani ya gaya masa a gidan cin abinci, bai ma tambayi sunan mutumin ba.

Da taro ya zagayo, Wanda ta miƙe da kaset a hannu. Merle ya ce, "A'a, 'yar gwamnati ta dawo! An ƙara miki girma?"

Ta karanta layin littafin, ta karanta na mujallar, ta kunna muryarsa.

Ta ce, "Malam, ƙirga mana su kuma."

Merle ya ce, "To ai... an dai buga sau uku."

Wallahi akwai waɗanda suka tafa masa a hakan. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci. Amma mai mujallar ya buga gyara da neman gafara, ba a sake ba Merle dandali ba, ƙofar mahaifiyar Wanda kuma ta huta.

Daga baya na rubuta wa ma'ajiyar takardun soja da kaina. Amsa ta zo: a shekarar da ake magana, Orville Kessler kuku ne a wani sansani a Alaska. Ko lasin tuƙi ba shi da shi.

Darasi: Maganar mutum ɗaya ba ta zama shaidu uku don ta bi ta baki uku. Kafin ka yaɗa labari da sunan wani, bi shi har inda ya fara, domin mai sunan yana da iyali. Ku tura wa 'yan'uwa, amma ku fara karantawa.