Ɓawon Albasar Kaka Fekla

Don Allah ina roƙonku, duk wanda ya gane ni kada ya faɗi sunana, ko a ƙasan rubutun nan ko a wani wuri. Da wayar mamana nake rubutawa, a bayan ɗakin kaji. Karatuna bai yi nisa ba, in kun ga kuskure ku yi haƙuri.

Akwai wata tsohuwa a ƙauyenmu na gefen tafkin Issik-Kul, sunanta Kaka Fekla. Tun daga girbi, duk albasar da aka yanka a gidanta ba a zubar da busasshen ɓawon. Tarawa take a wani tsohon buhu bayan murhu. Da shi take dafa ƙwan Ista su yi ja, ta jera su a kwando da burodinta, ta kai coci ranar Asabar a sa musu albarka. Shekara hamsin da wani abu ba ta taɓa fashi ba.

Bana ƙafafunta sun yi nauyi. Har ta gaya wa ɗanta wataƙila wannan ne karo na ƙarshe da za ta ɗauki kwandon da hannunta.

Tana da jika, Ulyana, mai koyon gyaran gashi a birnin Bishkek. Ulyana tana da ƙanwa, ita ba sai na faɗi sunanta ba.

Ranar Laraba Ulyana ta iso gida. Ƙanƙara ta narke, hanya duk taɓo, tumaki sun haihu, itatuwa sun fara toho. Ita kuwa da farin takalmi ta zo, da farce dogaye masu fenti, tana tafiya kamar kaza a cikin ruwa.

Maƙwabciyarsu Inna Burul, Musulma ce mai noman albasa, ita ta riƙa goyon Ulyana tana jaririya. Da ta ji ta dawo sai ta taho da gurasa mai zafi, ta buɗe hannu za ta rungume ta. Ulyana ta kawar da kai, ta toshe hanci, ta ce wa ƙanwarta matar nan warin albasa da tumaki take. Ta zaci a hankali ta faɗa. Inna Burul ta ajiye gurasar a kan benci ta juya.

Alhamis ɗin kafin Ista ranar share-share ce a wurinmu, kowa ya sani. Da safe Baba, mahaifin su Ulyana, ya kai Kaka coci, ta ce sai ƙarfe uku za ta dawo ta ɗora ƙwai. Ulyana ta ce yau za ta nuna musu yadda ake tsafta a birni. Ta wanke taga, ta kaɗe shimfiɗu, ta ga buhu bayan murhu cike da shara, ta juye shi a wuta.

Ƙanwar ta shigo daga ɗakin kaji, ta ji ƙauri, ta ga buhun a ninke, ta zauna a ƙasa.

Ulyana ta ce mene ne abin zama a ƙasa, ai ta zo da rinin kanti, shuɗi da kore har da mai ƙyalli. Ƙanwar ta tuna mata bara da goggonsu ta kawo irinsa, Kaka ta watsa shi a kwata, agwagin gidan suka kwana biyu da shuɗin ciki. Suka gudu ramin ajiya. Albasa huɗu ta rage, duk sun tsiro. Ga ƙwai arba'in da aka tara cikin azumin kafin Ista suna jira a kwano.

Gida ɗaya ne a layin yake da albasa har yanzu. Ulyana ta ce ƙanwar ta je. Ƙanwar ta ce ba ita ta ƙona ba, ba kuma ita ta toshe hanci ba, amma za ta raka ta.

Suka samu Inna Burul tana ba 'yan tumaki madara a kwalba.

"A'a, 'yar birni ce? Tsaya daga nan, kada warinmu ya kama miki riga."

Ulyana ta fashe da kuka. Da ƙyar ta ce ta tuba, ta faɗi abin da ta yi wa buhun.

"Fekla ta sani?"

"Ba ta sani ba, Inna."

"To share majinar nan ki shiga rami. In Fekla ba ta yi jan ƙwai ba, ni me zan ci ranar Lahadi?"

Suka sauka ramin su uku. Inna Burul ta nuna musu yadda ake murza albasa a tafin hannu a cire busasshiyar rigar kawai, kada a taɓa naman ta ruɓe. Ɓawo ba shi da nauyi, sai ka murza ɗari ka ga kamar ba ka yi komai ba. Farcen Ulyana biyu suka karye. Inna Burul ta ce saura takwas, ta yi haƙuri. Ta riƙa ba su labarin ranar da Ulyana ta yi mata fitsari a baya a tsakiyar kasuwa, ta ce ita dai ba ta toshe hanci ba. Ulyana tana dariya tana atishawa.

Kafin uku buhu ya koma bayan murhu.

Kaka ta dawo, ta juye ɓawon a tukunya, ta tsaya tana kallonsa. Ta sa gishiri, ta jera ƙwai. Da suka huce ta shafe su da mai. Ba a taɓa ganin ja irin wannan a gidan ba, ja mai duhu, kana ganin fuskarka a jiki.

Ranar Asabar ita ta ɗauki kwandonta, ta hana kowa taɓawa. A ƙofar coci tsofaffi suka kewaye ta suna tambayar me ta zuba. Ta ce su tambayi jikarta mai guntun farce.

Lahadi da safe, bayan an gaisa da gaisuwar tashin Almasihu, Kaka ta zaɓi ƙwai goma mafi kyau da burodi babba, ta ɗaure a tawul ta miƙa wa Ulyana.

"Kai wa mai albasar. Ni farar albasa nake shukawa, 'yar nan. Shekara nawa ina cin jar albasar Burul, ki ce ba zan gane rigarta ba?"

Ulyana ta rungume Kaka har tawul ɗin ya kusa faɗuwa.

A gidan Inna Burul aka zuba shayi, aka yi wasan karon ƙwai. Kowa ya riƙe nasa, a gwara, wanda nasa ya fashe ya ba da. Inna Burul ta fasa na Ulyana, ta fasa na ƙanwar, ta fasa har na mijinta ita kanta, ta zauna ta cinye ukun tana cewa a kawo wani.

Darasi: Kada ka raina mutum don warin aikinsa, kada kuma ka zubar da abin tsoho kafin ka tambaye shi. In ka yi laifi, ka tafi da ƙafarka ka ce ka tuba, sau da yawa wanda ka ɓata wa shi ne zai fitar da kai. Ku tura wa wasu su karanta, amma ban da 'yan layinmu.

Akwai ma abin da Baba ya ce da ya ji labarin, ya ce wai... tsaya, an buɗe ƙofar baya, tafiyar yayata ce, bari in